Kangon Bibi Nigor

Sangdur, 9 ga Agusta

Zuwa ga Yayana Sifat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Nasima da jaririya. Yaya zafin Gilgit? Tarin nan naka ya sake ka? Mu nan lafiya lau, an fara yankan sha'ir, Goggo Laili tana gaishe ka.

Na iso ranar Talata da ƙarfe huɗu da kwata a motar Farman. Shi zan riƙa ba wa wasiƙa, domin waya ba ta kamawa sai an hau kan gada, kuma ka san ni, a waya rabin abin da zan faɗa mantawa nake yi.

Washegari na buɗe gidan Kaka Shambi. Shekara shida ke nan ba a hura wuta a murhunsa ba, tun da muka koma gidan siminti, amma ƙamshin hayaƙin yana nan. Na auna shi sau uku. Tsawonsa mita bakwai da santimita arba'in, faɗinsa mita shida da tamanin da biyar. Ƙofar da kake buga goshi a kanta kullum mita ɗaya da ashirin ce. Bangon arewa ya yi ciki, ya karkata santimita goma sha tara, kuma ba na jin zai kai hunturu uku. Ginshiƙan katako biyar da ke riƙe da rufi kuwa lafiyarsu ƙalau, sun yi baƙi wuluk, farce ba ya shiga. A jikin na uku na ga tsagar da Inna take yi mana da wuƙa duk shekara don ta ga tsawonmu. Na daɗe a tsaye a gabanta.

Goggo ta ce in rubuta a littafin awona cewa gidan ya shekara ɗari huɗu. Na ƙirga kakanni bakwai daga Shambi zuwa kanmu, bai wuce ɗari biyu da 'yan kai ba. Abin da kowa ya yarda da shi kawai shi ne Shambi ya ƙetaro tsauni daga Wakan lokacin babu kowa a kwarin nan sai kyarketai, ya haƙa hanyar ruwa, ya tara duwatsun da ya tsince daga gona ya yi gida, kuma shi ne gini na farko a Sangdur. Na ce mata ba zan rubuta abin da ban tabbatar ba. Ta ce, "Ashe Lahore aka tura ki don ki dawo ki rage wa kakanki shekaru? Da kin ƙara karatu da kin ce jiya aka gina shi."

Yaya, shawararka ta a sauke gidan a sake ɗaga shi, kuma a yi shi nomus, aikin gayya na sadaka, da sunan Inna, ta sa ni kuka. Mu ne da abinci da kayan aiki, gari ne da hannu, ba mai karɓar lada, aikin kuma ya ɗauki sunanta har abada, kamar yadda har yau ake cewa gadar Daulat Bibi alhali ba mai tuna fuskarta. Shekara biyu da rasuwar Inna ba mu yi mata komai ba. Kai ka tuna, ni ban tuna ba.

Sai dai ina tsoro. Wata biyu ke nan da karɓar digirina, ban taɓa sauke ko akurkin kaji ba. Idan na ɓata gidan fa? Ka ce ba wanda zai iya sai ni. Ina maimaita wa kaina wannan maganar.

Ka gaishe mini da Nasima, ka sumbaci jaririya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Gulshad

Sangdur, 14 ga Satumba

Zuwa ga Yayana Sifat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan aiki ya yi sauƙi. Na ji ka ce baƙi masu yawon buɗe ido sun yi yawa ba za ka samu zuwa ba. Allah ya ƙara kasuwa.

Tun da ba ka zo ba, ni na miƙe a gidan jama'a ranar Juma'a na faɗi nomus ɗin. Na ce ni da yayana Sifat mun ɗauki nauyin gyaran gidan Shambi da sunan mahaifiyarmu Bibi Nigor. Dattawa suka ɗaga hannu suka yi mata addu'a, kowa ya shafa. Wata tsohuwa ta riƙe fuskata ta ce Nigor ta haifi 'ya'ya.

Na gama sa wa duwatsu lamba. Guda dubu ɗaya da ɗari uku da tamanin da shida ne, ban da ƙananan da ake cusawa a tsakani. Kowane bango da harafinsa, kowane layi da lambarsa, duk na zana na kuma ɗauki hoto.

Gwangwanayen jan fenti huɗu da ka aiko sun iso, na gode, amma kada ka yi fushi, ban yi amfani da su ba. Da farar ƙasa na rubuta. An koya mana kada a sa wa tsohon dutse abin da ba ya wankuwa. Ka ce ruwa ko gogayya za su share lambobin. Wane ruwa ake yi a nan a kaka? Kuma wace gogayya, tunda taku goma kacal duwatsun za su yi, daga bango zuwa masussuka?

Usta Dawar magini ya mai da ni abin dariya. Kullum sai ya zo ya zauna a kan dutse yana kallona. Jiya ya ce, "Injiniya, yaya ɗalibanki? Sun iya karatu?" Na ce lambar ce za ta mayar da kowane dutse gurbinsa. Ya ce, "Kakanki ko sunansa bai iya rubutawa ba, ga bangonsa a tsaye. Dutse fuska gare shi, 'yata. Gefen da ya sha hayaƙi na ciki ne, wanda rana ta ƙona na waje. Saura kuma hannu ne ke faɗa." Na ce hannu yana kuskure. Ya ce, "Alƙalami kuwa waliyyi ne." Duk da haka shi ke riƙe mini tsani.

Ga kwafin zane-zanen duka ashirin da biyu kamar yadda ka nema. Ban gane me za ka yi da nauyin ginshiƙai da tsawon katakan rufi ba, amma na lissafa, suna shafi na ƙarshe. Idan akwai kuskure bai wuce kilo biyar ba.

A huta lafiya.

Ƙanwarka,
Gulshad

Sangdur, 21 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Sifat,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Wasiƙu biyu na aika ban ga amsa ba, na hau gada sau huɗu wayarka a kashe. Ko jaririya ce ba lafiya? Ka faɗa mini, kada ka ɓoye.

An sauke gidan cikin kwana tara. Maza arba'in da ɗaya suka yi aikin, wasu sun bar dankalinsu a ƙasa. Mata goma sha biyu suna gasa gurasa, shayi mai gishiri bai yanke ba, mun yanka raguna biyu. Dutse uku ne kawai suka tsage. An jera su a masussuka layi-layi, lamba a sama. Ranar da aka cire katakan tagar hayaƙi rana ta faɗa kan murhun Inna gaba ɗaya, Goggo ta juya baya ta yi ta share hanci da mayafi.

Tarakta biyu da ka turo sun kwashe ginshiƙai da katakan rufi ranar sha ɗaya ga wata. Na sa hannu a takardarsu saboda sun ce kai ka ce. Amma Yaya, abin yana damuna. Ka ce za a kai su Gilgit a yi musu maganin ƙwari. Na duba kowane katako da gilashi, ban ga rami ko ɗaya ba. Usta Dawar ya ce shekara saba'in yana gini bai taɓa ganin ƙwaro ya ci iccen da ya sha hayaƙi a wannan sanyin ba. Ya ce, "Sai dai in ƙwaron Gilgit ne, mai sa takalmi." Mutane suka yi dariya, ni ban yi ba. Na ce musu ka fi mu sanin abubuwan zamani.

Karo na uku ke nan ina tambaya: mene ne sunan wurin da aka kai su? Yaushe za su dawo? Ka ce kwana biyar, yau kwana goma. An gyara harsashi, amma ba a ɗaga bango sai ginshiƙai sun tsaya. Dusar ƙanƙara ta sauko zuwa rabin tsauni. Mutane sun fara tambayata a hanya, ni kuma sai in ce gobe.

Wataƙila tsorona ne kawai, ka san halina. Ka rubuto ko layi biyu ne.

Ƙanwarka,
Gulshad

Sangdur, 6 ga Nuwamba

Yaya Sifat,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Na san kana lafiya, domin an gan ka ranar Lahadi.

Zan faɗa maka abin da ya faru a jere, idan na yi kuskure a wani wuri ka gyara mini.

Ranar Litinin na shiga motar Farman zan zo Gilgit in nemi katakan da kaina. Da muka hau babban titi muka yi tafiyar minti arba'in, sai ya tsaya a gaban wani sabon otal da ake ginawa. Ya ce in sauka in sha shayi. Na ce ba na sha. Ya ce, "Sauka dai, 'yar'uwa. Ni direba ne, abin da na gani a hanya ba nawa ba ne. Amma wannan sati biyu ke nan yana hana ni cin abinci."

A gefen otal ɗin akwai daɓen siminti sabo, fili, ba komai a kansa sai ramuka biyar. Tun kafin in ciro tef daga jaka na sani, amma na auna. Bakwai da arba'in. Shida da tamanin da biyar. Na auna sau uku, Yaya, ina fata in yi kuskure. A rayuwata ban taɓa roƙon Allah in yi kuskure ba sai ranar.

Katakan suna bayan wurin a ƙarƙashin tamfol. Na ɗaga. Rubutun hannuna ne a kansu.

Shugaban ma'aikatan ya zo, mutumin Punjab ne mai fara'a, ya ɗauka baƙuwa ce ni. Ya ce, "Malama, ki dawo da bazara ki gani. Gidan gargajiya ne na ainihi, shekara ɗari biyar, a ciki baƙi za su riƙa cin abinci." Ya buɗe jakarsa ya nuna mini zane-zanena ashirin da biyu. An shafe sunan Inna daga saman kowane shafi, an sa na otal. Ya ce, "Ƙanwar mai gidan ce ta yi, injiniya ce. Kai, yarinyar nan ta iya aiki! Ko makaho ka ba wa wannan sai ya gina." Na tambaye shi yaushe aka yi cinikin. Ya ce, "Ai tun Maris aka gama magana, jira muke ta gama makaranta. Ranar sha biyar motoci za su je kwaso duwatsun kafin hanya ta rufe."

Maris, Yaya. A watan Maris ka zo Lahore ka kawo mini busasshiyar tuffa, ka zauna a bakin gadona ina kuka saboda jarrabawa, ka ce in daure, Inna tana kallona. A ranar ka riga ka sa hannu, ko sai da ka koma?

Yanzu na gane jan fentin. Na gane nauyin ginshiƙai. Na gane abin da ya hana ka zuwa ka miƙe a gidan jama'a da bakinka. Takardar gidan da sunanka take, na sani. Da ka ce za ka sayar, da na yi kuka, da mun yi faɗa, wataƙila da na haƙura. Amma ka san ba mutumin Sangdur da zai ɗora hannu a kan bangon Shambi don a kai shi otal, ko nawa za a ba shi. Sai ka nemo abu ɗaya da ba sa iya ƙi. Ka sa mutum arba'in da ɗaya suka rushe gidan da sunan uwarka, suna yi mata addu'a, ka sa ni na roƙe su.

Ban gaya wa mutumin ko ni wace ce ba. Na koma mota.

Har yanzu ba wanda ya sani a gari, amma sun gaji da jira. Jiya a bakin ruwa na ji wata tana kwatanta wa wata inda akuyarta ta shiga, ta ce, "Can wajen kangon Bibi Nigor." Ba da mugunta ta faɗa ba. Nomus yana ɗaukar sunan mai shi, kai ma ka sani. Abin da muka yi mata ke nan.

Ina jiran amsarka har Juma'a. Ranar Juma'a zan miƙe inda na miƙe.

Gulshad

Sangdur, 24 ga Nuwamba

Sifat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe da Nasima da jaririya. Saƙonka na baki ya iso ta hannun Farman: wai in yi haƙuri, ba zan gane ba, gidan da ba kowa a ciki dutse ne kawai. Na ji.

Na miƙe ranar Juma'a. Na karanta musu komai da kwanan watansa, ban ƙara ba ban rage ba, har da sa hannun da na yi wa masu tarakta. Ba wanda ya yi ihu, da ma sun yi. Tsoho Hunar ya ce, "Dankalina buhu shida sanyi ya kashe a ƙasa saboda Nigor. Don ita ban yi asara ba. Amma don otal?" Ya kalle ni. Dattawa suka ce tun ranar da aka shafa addu'a gidan ya zama na gari, haka nomus yake tun zamanin Shambi. Wani ya ce wannan a wurinmu ne, masu takarda ba su san shi ba. Gaskiya ya faɗa.

Da muka fito Goggo ta ce, "Injiniya, wannan farar ƙasar da kika ƙi jan fenti saboda ita, kin ce tana wankuwa ko?"

Kwana biyu muka yi, ni da ita da mata tara, da bokiti da tsumma, muna ɗebo ruwa daga hanyar ruwan Shambi, sai an fasa ƙanƙarar da ta rufe ruwan kafin a ɗiba. Dubu ɗaya da ɗari uku da tamanin da shida. Wata ɗaya na yi ina rubuta su. Maza kuma suka rushe layukan suka tara duwatsun tuli ɗaya. Yatsuna sun tsage, shi ya sa ka ga rubutuna haka.

Motoci uku suka zo ranar sha biyar da ƙarfe goma da rabi. Mutumin nan mai fara'a ya sauko da zanena a hannu. Ya kalli tulin, ya kalli takarda, ya kalle ni, sai ya gane. Maza kusan talatin suna zaune a kan duwatsun suna shan shayi. Usta Dawar ya ce masa, "Sannu da hanya, ɗana. Dutse kake so? Ga tsauni can, duk irinsa ne, kyauta. Wannan kuwa an riga an zauna a kai." Mutumin ya ce shi gida aka sayar musu ba tsibi ba. Ya sha shayi kofi ɗaya, suka juya ba kaya. Abin da zai biyo baya tsakaninka da su ne.

Washegari Usta ya fara ɗaga bangon arewa. Ya ce ba zai jira ginshiƙai ba, bai taɓa yin haka ba amma zai bar musu gurbi. Yana ɗaukar dutse ya juya shi, ya shinshina, ya ajiye. Na kwatanta da hotunana a ɓoye. A cikin sittin na farko, hamsin da bakwai sun koma daidai inda suke. Na faɗa masa. Ya ce, "Ukun nan kakanki ne ya yi kuskure." Ni ke riƙe masa tsani yanzu.

Ginshiƙai ba za su dawo ba, na daina sa rai. Wanda Inna ta tsaga zai tsaya a tsakiyar masu cin abinci. Idan ka je wurin, tsaga ta ƙarshe ta hagu taka ce, mita ɗaya da arba'in da ɗaya. Ta dama tawa.

Saura abu ɗaya, gara ka ji daga gare ni. Bishiyoyin safeda goma sha ɗaya da Baba ya dasa a bakin gona shekarar da aka haife ka, don ka rufa gidanka da su ranar da za ka dawo gida, dattawa sun tambaye ni a kansu, tunda ni kaɗai ce 'yar gidan da ke nan. Na ce a sare. An sare su ranar Laraba. Biyar za su zama ginshiƙai, shida katakan rufi. Ɗanyu ne, ba za su bushe ba sai Yuli, don haka gidan zai yi hunturu ba rufi, dusar ƙanƙara za ta zuba a murhun Inna wata biyar. Har zuwa lokacin za su ci gaba da cewa kango, ni kuma zan ci gaba da ji. An kira ni aiki a Lahore, na rubuta musu cewa sai bayan Yuli.

Ban san ko na yafe maka ba. Ba zan rubuta abin da ban tabbatar ba.

Usta ya tambaye ni ko a ɗaga ƙofar kaɗan tunda sabon gini ake yi. Na ce a bar ta yadda Shambi ya yi ta, mita ɗaya da ashirin. Duk ranar da ka zo, a buɗe take. Sai dai ka sunkuya.

Wassalam.

Gulshad, 'yar Bibi Nigor